Kafin a Tuge, Kafin a Jiƙa

Gidajen Kongo a Zariya suna yawan sauya hannu. Malamin jami'a ya yi ritaya ya kwashe kayansa, wani ya shigo. Ɗalibin Tsangayar Shari'a ya kammala ya saki ɗakin haya. Amarya ta tare a gidan da wasu suka yi shekara ashirin a ciki. Ana tafiya da gado da katifa da tukwane, amma abin da aka binne a gindin katanga yana nan inda yake. Duk tsawon rani ba a ganin komai sai busasshiyar ƙasa. Ruwa na sauka a watan Mayu, sai wani abu ya huda ƙasa ya fito, ya yi ganye, bayan 'yan makonni ya buɗe furen da babu wanda ya san shi a gidan. Ƙannena maza da mata, ko ba yau ba, za ku yi irin wannan baƙo, kuma a kan yadda za ku karɓe shi nake so mu yi magana.

Abu biyu na ga ana yi masa, dukansu na gaggawa. Wani da ya gan shi sai ya ɗauko fartanya, wai ciyawa ce, ko zai tara macizai. Wani kuma maƙwabci zai leƙo ya ce ai wannan maganin basir ne, ko na shawara, kafin la'asar an tsinko an jiƙa. Na farko ya yi asarar abin da wataƙila wani ya ɗauko daga nesa ya yi shekaru yana reno. Na biyu ya sa ransa da na iyalinsa a kan maganar mutumin da bai ko sunkuya ya duba ganyen ba. Abin da nake roƙonku shi ne ku ba baƙon nan lokaci, ku kalle shi da idonku har ku san kamanninsa, sannan ku je tambaya.

Ku fara da fahimtar dalilin da ya sa ya fito ba a shuka shi ba. A ƙasar Zazzau ruwan sama na wata shida ne, daga Mayu zuwa Oktoba, wajen milimita 1,000 a shekara, saura kuwa hunturu ne da bazara. Gero da wake da tafasa sun warware matsalar rani ta hanyar mutuwa: su zuba iri su bushe, irin ya jira baɗi. Akwai kuma waɗanda ba sa mutuwa. Suna tara abinci da ruwa a ƙarƙashin ƙasa, wasu a dunƙule mai ɓawo-ɓawo irin na albasa, wasu a saiwa mai kauri, su bar samansu ya bushe, su kwanta har ƙasa ta jiƙe. Irin waɗannan kan shekara goma a wuri guda suna fitowa suna komawa. Shi ya sa kallon mako ɗaya ba ya isa a san su. Ku dubi rawaya, wadda iyayenmu ke haƙo saiwarta don rini da magani. Da rani, musamman bayan wuta ta ci daji, take fitar da manyan furanni ruwan ɗorawa a kan ƙasa tsirara, babu ganye ko ɗaya. Ganyen sai da damina. Wanda ya ga furen kaɗai da wanda ya ga ganyen kaɗai za su iya rantsuwa cewa tsiro biyu suke magana a kai. Don haka idan ba a cikin hanya ya fito ba, kuma babu yaro mai rarrafe da zai kai gare shi, ku kewaye shi da 'yan duwatsu ku bar shi ya zagayo shekara: toho, ganye, fure, 'ya'ya, bushewa.

Shi kallon ma koyonsa ake yi. Yawancinmu idan aka ce mu kwatanta tsiro, iyakarmu mu ce kore ne, furensa ja. Da wannan kwatance ko shehun malamin tsirrai ba zai iya taimakonku ba. Ku tsuguna. Ganyen nan bi-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, ko ɗai-ɗai suke hawa karan, wannan dama wannan hagu? Jijiyoyinsa a miƙe suke tafiya tare kamar na dawa, ko sun yi rassa kamar na kuɓewa? Wannan tambaya kaɗai tana raba tsirrai masu fure gida biyu, domin masu miƙaƙƙiyar jijiya galibi fallayen furensu uku ne ko shida, masu rassa kuwa huɗu ko biyar. Karan yana da gashi, yana da ƙaya, mulmulalle ne ko mai kusurwa huɗu? Ku karya ganye ɗaya da tsinke, ba da farce ba, ku ga ko zai zubo da farin ruwa irin na tumfafiya. In ya zubo, ku nisanta shi da ido, ku wanke hannu da sabulu. Ku murza wani ganyen a cikin leda ku shinshina. Harshe dai kada ya kusance shi. Yaran da suka tashi suna tsinko wa iyayensu ganyen kwaɗo sun san wannan aiki ba tare da an kira shi ilimi ba: tafasa da rai-ɗore dukansu furensu rawaya ne, amma ƙananan ganyen tafasa guda shida ne masu faɗin baki, na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, ga wari in an murza. Kama da wane ba ta wane.

Bari in tsaya a kan guda ɗaya, domin tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido, kuma ta fi cancanta a san ta. Da tsakiyar damina za ku ga wani siririn kara ya fito yana neman abin kamawa. Ganyensa dogo ne mai sheƙi, kuma bakin kowane ganye ya zarce ya zama zare ya nannaɗe, da shi yake riƙe waya ko reshen lalle ya hau. Furen yana fara buɗewa yana kallon ƙasa, kore-kore mai ratsin rawaya. Kwana biyu sai fallayensa shida su juye baya su miƙe sama, gefensu a murɗe, gindinsu rawaya, samansu ja wur, har daga ƙarshe ja ya cinye duka. A ƙarƙashinsu 'yan sanduna shida masu ɗauke da garin fure sun bazu kowanne ya nufi gefensa, sai wani na bakwai da ya lanƙwasa tun daga gindi ya yi kwance. Wanda ya ga wannan sau ɗaya da kyau ba ya sake ruɗewa. Hausawa na ce mata baurere, wasu gudumar zomo, wasu gatarin kurege, saboda saiwarta da ta yi gwafa. Masana a ko'ina cikin duniya suna kiranta Gloriosa superba. Ita ce furen ƙasa na Zimbabuwe, kuma a kudancin Indiya noma ta ake yi ana sayar da irin ga masu haɗa magunguna.

Wannan kyakkyawar aba tana kisa. Duk jikinta, musamman saiwar da irin, akwai sinadarin kolcisin, wanda likitoci ke bayarwa ɗan mitsitsi a ma'auni ga masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi, amma in ya wuce kima yana hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa. A Indiya da Siri Lanka an sha samun waɗanda suka haƙo saiwar suka dafa a zaton dankali ko doya ce. Abin tsoron shi ne ba nan take take nuna kanta ba. Sai bayan awoyi baki da maƙogwaro su fara zafi, amai da gudawa su biyo, wani lokaci mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, alhali ƙoda da hanta da ɓargo suna lalacewa a ciki. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana, bayan mako ɗaya ko biyu gashin kansa kan zube. Ban faɗi wannan don ku tsani furen ba. Na faɗa ne don ku ga nisan da ke tsakanin "yana da kyau" da "na san shi".

In kun gama kallo, tambaya ta zo, kuma ina ba ku shawara ku fara daga gida. Kakanninku da suka tashi a ƙauyukan Zazzau, 'yar mai ganye a kasuwar birni ko ta Tudun Wada, wanzamin unguwa, tsohon maharbi, Bafulatanin da ke kawo nono, mai sayar da fulawa a bakin titi: kowanne yana da ɓangaren da ya ƙware a kai. Makiyayi ya san abin da ke kashe akuya. Mai fulawa ya san baƙin furannin da aka shigo da su tun zamanin Turawa, waɗanda tsohuwa ba za ta sani ba don ba su da sunan Hausa. Kada ku je da ganye ɗaya da ya yi yaushi a aljihu. Ku yanko reshe mai ganye da fure, in da 'ya'ya ku haɗa, ko ku kawo mutumin har gindin abin.

Na taɓa zama kusa da wata yarinya da ta kawo wa kakarta irin wannan reshe a ƙyalle. Tsohuwar ba ta yi saurin magana ba. Ta juya ganyen ta duba bayansa, ta ja zaren bakinsa da ɗan yatsa ta sake shi ya koma ya naɗe.

"Ke 'yar nan, a ina kika samo?"

"A bayan ɗakin girki, Iya. Kullum damina sai ya fito."

"Kin tona gindinsa?"

"A'a."

"To kada ki tona da hannu. Mu a garinmu gudumar zomo muke ce mata. Amma ki kai wa Malam na ƙofar gida ya gani, ya fi ni yawon daji. Kuma ki hana su Auta wasa a wurin."

Ku lura da abin da ta yi. Ta duba, ta yi tambaya, ta faɗi sunan tare da faɗin inda ake kiransa haka, ta tura a ƙara tabbatarwa, ta kuma yi maganar yara. Irin wannan ne mai sani. Wanda ya hango daga nesa ya jefo suna tare da jerin cututtuka bakwai da abin ke warkarwa, ku gode masa ku wuce. Malamai suna ba da labarin Imamu Malik cewa tambayoyi da yawa ya amsa su da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ku ma idan ƙanenku ya tambaye ku sunan abin da ba ku tabbatar ba, ku ce masa sai mun bincika.

Sai dai sunan gida yana da iyakarsa, kuma dole in gaya muku gaskiya a kan haka duk da son da nake masa. Tsiro ɗaya kan yi suna uku, kamar yadda kuka gani. Suna ɗaya kuma kan hau kan tsirrai da yawa: albasar kwaɗi ana faɗinta ga tsirrai iri-iri masu dunƙulen gindi, ciki har da mai manyan fararen furanni masu jan ratsi da ke fitowa a fadama farkon damina, kuma da yawansu guba ne. Abin da Basakkwace ke nufi da wani suna ba lalle ne shi Bazazzagi ke nufi ba. Wannan ba matsalar Hausa ba ce kaɗai. Ita ce ta sa wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linniyas, ya fitar da littafinsa na jinsunan tsirrai a 1753, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu tasa ta kansa. Tun kafin shi da ƙarnuka, Abu Hanifa Dinawari, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya tattara sunayen tsirrai da siffofinsu daga bakin Larabawan ƙauye, Ibnul Baiɗar na Andalus kuma, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya rubuta bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400. Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurin Musulmi.

A ƙasarmu, wanda ya fara haɗa sunayen Hausa da na kimiyya a littafi guda wani likita ne ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya zo aiki Arewa a 1905. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, yana nuna wanne ake faɗa a Kano, wanne a Sakkwato ko Katsina. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew a Ingila suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da na amfanin tsirran. Har yau itacen hano sunansa yake ɗauke da shi a kimiyyance, Boswellia dalzielii. Ya yi aiki, ba a hana masa. Amma duk sunan da ya rubuta daga bakin wani ya ji shi, maharbi ko ungozoma ko manomi, kuma su ba a san sunayensu ba. Abin da ke damuna shi ne jikokin waɗannan mutane yau suna iya lissafo 'yan ƙwallon Sifaniya goma sha ɗaya, amma ba za su iya kiran sunan tsirrai goma da ke tsakanin ƙofar gidansu da masallaci ba. Duk tsohuwar da aka binne ba a tambaye ta ba, da nata sunayen take tafiya.

Na san waya za ku fara ɗaukowa, kuma ban hana ba. Akwai manhajar PlantNet da cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, akwai iNaturalist, akwai Google Lens. Ku ɗauki hoto da hasken safe, furen daga gaba da gefe, ganyen sama da ƙasa, da dukan tsiron a tsaye. Amma ku san yadda abin ke aiki: yana gwada hotonku ne da hotunan da aka tara masa, kuma an fi tara na Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Furen ado da ake shukawa a duk duniya zai gane shi da sauri. Ɗan asalin dajin Zazzau kuwa yana iya ba ku sunan wani ɗan uwansa na wata nahiya, kuma ba zai nuna muku alamar kunya ba. Abin da ya faɗa zato ne da za ku je ku gwada da abin da idonku ya gani. Kada wanda ya sha wani abu saboda waya ta ce ana sha.

Ku kuma 'yan Zariya kuna da gatan da mutanen garuruwa da yawa ba su da shi. Daga Kongo mota ɗaya ko biyu ce zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, take da ma'ajiyar busassun tsirrai a sashen nazarin tsirrai. Can masu bincike kan magungunan gargajiya ke kai samfurinsu a tabbatar musu da sunansa kafin su fara aiki. Ana ajiye kowane tsiro a manne a takarda, da sunansa da inda aka samo shi da ranar, sai a ɗora naku kusa da shi a gwada. A Ibadan ma akwai irinta babba ta cibiyar binciken gandun daji. Shirya samfur ba wuya: reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da manyan littattafai, a riƙa sauya jaridar kullum don kada ya yi fumfuna, da damina musamman. A wata takarda ku rubuta launin furen tun yana ɗanye, domin zai dushe, da tsawon tsiron, da watan da ya yi fure, da ko a inuwa yake ko a rana. Ku je da ladabi ku yi sallama, ku ce ɗalibai ne ku masu son sani. Masu irin wannan aiki sun fi kowa murna da ganin yaro ya shigo da reshe a jarida.

Akwai 'yan tsirrai da nake so kowannenku ya gane tun kafin ya gamu da su. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, wanda ake zuga samari su sha a wajen biki: yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya gusar da hankali, kuma ba a san ma'auninsa ba, abin da wani ya sha ya tashi shi wani zai sha ya tafi. Idon zakara, mai 'ya'ya ja da baƙin ɗigo da yara ke son tarawa, ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya yin ɓarna mai girma. Bini-da-zugu na shinge, wanda 'ya'yansa ke da daɗin gyaɗa a bakin yaro. Ƙarya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja da ake sawa a tukunyar ado, ruwanta yana taɓa zuciya, har dafin kibiya an yi da shi. Da kuma wani dogon shinge mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, da ake yawan gani a tsofaffin gidajen gwamnati, shi ma irinsa zuciya yake tsayarwa. Idan yaro ya ci ɗaya daga cikinsu, ko ya ci abin da ba ku sani ba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ko asibitin koyarwa na Shika, a tafi da reshen abin da ya ci da kuma sanin lokacin da ya ci.

Kada wannan ya sa ku ɗauka cewa mai guba ba shi da amfani. Akwai wata 'yar fulawa da ake yawan gani a gidaje, gajera mai ganye masu sheƙi bi-biyu, furenta falle biyar, fari ko ruwan hoda da ɗigo a tsakiya, tana fure kusan duk shekara ko ba a kula da ita. Asalinta tsibirin Madagaska. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada da Amurka suka ɗauke ta don gwada maganar da ake yi cewa tana maganin ciwon suga, sai suka tarar tana rage fararen ƙwayoyin jini. Daga nan aka samo binblastin da binkristin, magungunan da suka sauya makomar yara masu sankarar jini. Amma sai an tace ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya, kuma likita ne ke auna shi a jijiya. Tafasa ganyen a tukunya a sha wani abu ne daban, kuma yana iya cutarwa.

Idan sunan ya tabbata, ku rubuta shi a littafi guda da kuka keɓe: sunan Hausa, wanda ya faɗa muku da garinsu, sunan kimiyya, da abin da aka ce yana yi, ko da ba ku gaskata ba. Sannan ku yanke shawara. Mara cutarwa ku bar shi, ku rage masa ruwa idan ya fara bushewa da kaka, domin masu albasa ruɓewa suke yi in an dame su da ban ruwa lokacin kwanciyarsu. Mai guba a gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a mayar da shi tukunya a ɗaga sama, ko a ba wanda ke da wurin da ya dace. Baurere da rani ake tashinta, bayan karan ya bushe. A sa leda a hannu, a tona daga nesa da gindin don saiwar tana da saurin karyewa, kuma daga bakin gwafar take toho, in ya karye ba za ta fito ba. In kuwa rabuwa da ita za a yi gaba ɗaya, a haƙa rami mai zurfi a bayan gari a binne, kada a jefa a bola inda yara ke tone-tone kuma dabbobi ke kiwo.